Laifin Ruwa Ne Ko Na Mai Hula?

Da zarar hadari ya haɗo a watan Agusta, sai ka ga 'yan'uwanmu ɗalibai da ƙananan ma'aikata sun tuɓe hular kwano sun rataye a hannun babur, wai gilashinta na hana su gani. Wannan hujja ba mu karɓe ta ba. Ashe sa'ad da kwalta ta fi santsi, sa'an nan ne mai ilmi zai bar kansa a fili? A 2009, da aka tilasta sa hular, mun yi wa 'yan acaɓan da suka kifa ƙwarya a ka dariya. To, su dai sun kifa wani abu.

Hazon da ke rufe gilashi ta ciki ba ruwan sama ba ne, numfashinmu ne mai ɗumi ke kwanciya a jikin roba mai sanyi. A ɗaga gilashin misalin kaurin yatsa, iska ta kore shi. Ko a shafa ɗan sabulu ta ciki, a goge da tsumma mai laushi tun kafin a fito. Ɗigon waje kuwa, in ana tafiya, ɗan karkata kai ya isa iska ta share shi.

Amma ina! Sai mutum ya dirje gilashi da hannun riga, ƙura na kai, wani har da fetur, alhali kuwa roba ce, tana karcewa. Kowane karce tarwatsa hasken fitilar mota yake yi da dare. Mai baƙin gilashi don burga, shi kam tun magariba ya makance, da ruwa ko babu.