Baƙo Da Motar Haya A Ƙasar Rogo

Zuwa ga Edita.

Makon nan ina neman ɗan fili in yi magana a kan baƙin nan masu aikin sa kai, waɗanda ke barin ƙasashensu su zo koyarwa ko aikin asibiti a ƙauyukanmu. Abin ba sabo ba ne. An kafa ƙungiyar VSO a Ingila tun 1958, ta Amurka kuwa, watau Peace Corps, ta kawo malamanta na fari Nijeriya a 1961. Daga baya har mutanen Kenya da Uganda an riƙa aikowa. Irin wannan baƙo ba shi da mota, ba shi da direba, abin da a ke ba shi na ci da sha ne kurum. Motar da mu ke shiga ita ya ke shiga.

Tun daga Kano zai fara gamuwa da tarko, domin Falgore biyu ce. Akwai dajin nan da ke kan hanyar Jos, wajen Tudun Wada da Doguwa, akwai kuma tamu ta ƙasar Rogo. Wanda ya tsaya a birni ya ce "Falgore" ya yi shiru, motocin Jos za a nuna masa. Sai ya ambaci Rogo, ya bi ta Kabuga ya kama hanyar Gwarzo, ya ratsa Karaye. Daga Rogo zuwa ƙauyuka kuwa galibi sai acaba, ko a-kori-kura ran kasuwa, shi da buhunan masara.

To, jama'a, motar tasha ba ta san agogo ba. Layi a ke bi, mota ba ta tashi sai ta cika, cikarta kuwa mutum biyu ne a gaba, huɗu a baya. Mu mun saba, mu kan sayi rake mu zauna. Baƙo ya yi alkawarin ƙarfe tara da wata makaranta, ya ga goma ta yi saura mutum biyu, sai ya ce zai biya kuɗin kujerun. Ran nan zai isa da wuri, amma fa ya sayi wahala. Daga ranar 'yan kamasho sun shaida shi, in sun hango shi ba su ƙara kiran fasinja da ƙarfi, sai ka ji a na yi masa tayin shata.

Ga inda na ke da ƙorafi. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota ya ƙi zama wuri guda, har ɗan gari sai ya tambaya. Waɗansu direbobi, ban ce duka ba, sun mai da wannan hanyar ninka wa baƙo kuɗi. In ka yi magana su ce ai daga ƙasar masu kuɗi ya fito. Ni da na ke akawu na san yadda lissafin ya ke. Kuɗin tafiyarsa a ƙayyade su ke, a na kuwa neman rasit, abin da ba direban da ke bayarwa. In kuɗin wata sun ƙare ran ashirin, kwana goman da suka rage zaune zai yi a Karaye. Direba ya ci ribar yini ɗaya, yaran ƙauyen da ke jiran malami su ne suka biya.

Saboda haka ina roƙon shugabannin yuniyon na tashoshinmu su kafa allo, su rubuta kuɗin kowane gari da alli, in mai ya tashi a goge a sake. Wannan ba baƙo kaɗai zai amfana ba, har tsohuwar da ba ta iya musu da ɗan kamasho.

Batun acaba kuma, an hana shi cikin birnin Kano a 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, shi ya sa a can A Daidaita Sahu baƙo zai hau. A ƙauye acaba ne dokin kowa. Za ku ga baƙo ɗauke da hular kwano tasa, kada ku yi masa dariya, doka ce daga ƙungiyarsa, da damina kuwa in laka ta kwashe babur shi ne zai tashi da kansa lafiya. In mace ce, a zaunar da ita kusa da mata ba sai ta roƙa ba.

Ƙasar Rogo ta yi iyaka da Katsina da Kaduna, kowa kuma ya san halin da hanyoyin kan iyaka ke ciki. Baƙo ko da ido makaho ne, bai san wace hanya a ke bari in la'asar ta yi sakaliya ba. Wanda ya karɓe shi, dagaci ne ko hedimasta, shi ya kamata ya haɗa shi da ɗan acaba guda wanda aka san gidansu, a yi jinga ta wata, a kuma gaya wa mai unguwan inda za shi tun kafin ya tashi.

Haza wasalam.

Akawu, Rogo.