Wasiƙa A Buɗe Zuwa Ga Masu Sana'ar Talla A Intanet



Wannan takarda taku ce, ku masu kamfanonin talla na intanet, da 'yan fim da 'yan barkwanci da mawaƙa, da duk mai shafin da ya tara mabiya har ake biyansa ya tallata haja a Facebook ko Instagram ko TikTok ko WhatsApp. Sana'arku halal ce, kuma ta rufa wa jama'a da dama asiri. Matar aure mai ɗinkin zannuwan gado a cikin gidanta a Gusau tana samun ciniki daga Abuja ta dalilinku, ba tare da ta kama shago ba. Shi ya sa ƙorafin da ake yi a kanku yake damuna. Ya yi yawa, kuma galibinsa yana da tushe.

Kowa ya san yadda abin ke faruwa. Baiwar Allah ta ga leshi a bidiyo, an haske shi da fitila, wata jaruma da take ƙauna tana shafa shi tana rantsuwa ita ma irinsa za ta saka ranar salla. Ta tura kuɗi, aka ce an ga alat. Bayan kwanaki direba ya kira ta daga tasha ta zo ta karɓi saƙo. Tana kwance ledar sai ga wani yadi shara-shara, launinsa daban, kuma yadi huɗu ne maimakon biyar. Ta kira mai kaya, waya ba ta shiga. Ta koma shafin jarumar ta rubuta kukanta, kafin gari ya waye an goge rubutun, an toshe ta. In an matsa wa mai tallar da tambaya, amsa ɗaya ce: "Ai ni talla kawai aka ba ni, ban san su ba."

Wannan magana ita ce tushen ɓarnar, kuma ba hujja ba ce. Matar nan ba ta san mai leshin ba, ke mai tallar ta sani. Fuskarki ta gani ta yarda, muryarki ta ji ta saki jiki. Abin da mai kaya ya biya kuɗi ya saya a wurinki shi ne wannan yardar, don da shi aka yarda da shi, da bai neme ki ba. Ku dubi dillali a kasuwar shanu ta Wudil: in ya haɗa ciniki ya karɓi la'ada, sannan aka gano saniyar ta sata ce, shi za a fara riƙewa, shi zai nemo wanda ya kawo ta. Bai isa ya ce bai san shi ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

In leshi ne, asarar ta kuɗi ce. Tallar magani kuwa da rai take wasa, kuma a nan na fi jin tsoro. Kwalba ɗaya a ce tana maganin basir da sanyi da hawan jini da ciwon suga da rashin haihuwa, mai talla ya ɗaga ta gaban kyamara yana cewa an jarraba an gani. Dattijo mai ciwon suga ya kalla a wayar jikansa, ya ajiye ƙwayoyin da likita ya ɗora shi a kai, ya koma shan ruwan kwalba safe da yamma. Lokacin da ƙafarsa za ta fara ruɓewa, mai tallar ya daɗe da cinye kuɗinsa ya kama wata hajar. Haka ake yi da kayan mata, da maganin ƙiba, da mayukan bilicin masu sinadarin makuri da ke lalata fata da ƙoda.

Wasunku kan kare kansu da cewa ai akwai lambar NAFDAC a jiki. Ku sani, lambar da hukumar ke bai wa yawancin magungunan gargajiya, wadda ke ƙarewa da harafin L, shaida ce cewa an gwada an ga ba guba a ciki. Ba ta nufin an tabbatar yana warkar da cututtukan da aka lissafa, shi ya sa ake wajabta rubuta hakan a jikin kwalbar. Sannan rajistar magani daban, izinin tallata shi daban. Wanda ya kawo muku aikin magani, ku ce ya nuna takardun biyu. In ya fara kame-kame, ku mayar masa da kuɗinsa.

Sai tallar zuba jari mai alƙawarin ninka kuɗi cikin wata guda. MMM ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, aka yi kuka aka ce an ɗauki darasi. A Afrilun 2025 CBEX ta durƙushe da dukiyar jama'a. Irin waɗannan ba sa yaɗuwa sai da bakin wanda ake jin maganarsa, wanda zai nuna hoton alat ya ce shi ma ya ci. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ga masu wannan harka, kuma hukumar SEC ta gargaɗi masu tallata su a fili. Duba ko kamfani yana da rajista da SEC aikin minti kaɗan ne a waya.

Ku masu kamfanoni, ƙorafin da ke kanku daga 'yan kasuwa yake fitowa. Mai shago a Kantin Kwari ya ba ku kuɗi ku yaɗa tallarsa, ku kashe rabi ku soke rabi, ku turo masa hoton lambobi cewa dubban mutane sun gani, alhali ko kira ɗaya bai samu ba. Wasu mabiyan bogi suke sayarwa. Wasu kuma hayar samari suke yi su cika ƙasan talla da "na saya, Allah ya saka da alheri," ba wanda ya taɓa riƙe kayan a cikinsu. Malaman fiƙihu sun daɗe da haramta najashi, wato mutum ya yi ta ƙara wa kaya taya ba don zai saya ba, sai don ya ruɗi mai saye na gaskiya. Yabon haya shi ne najashin wannan zamani. Haka nan lambobin wayar da kuke tarawa da sunan gasar rabon kati, sannan ku sayar da su: dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hana wannan.

Kada ku ɗauka intanet daji ne da ba mai shi. Dokar 2022 da ta kafa hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON a madadin APCON ta shigar da tallar intanet cikin wadda sai an tantance kafin a sake ta, kuma a shekarar hukumar ta maka kamfanin Meta a kotu tana neman naira biliyan 30 kan tallace-tallacen da ba a tantance ba. A 2024 kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta ci tarar Meta dala miliyan 220 kan bayanan 'yan Najeriya da haƙƙin masu amfani da manhajojinta. Hukumomin da suka tunkari Meta ba za su ji nauyin mai mabiya dubu ɗari biyu ba.

Ba na cewa ku zama 'yan sanda. Amma kafin ki ɗaga kaya gaban kyamara, ki riƙe shi a hannunki, ki san shagon da mai shi da rajistarsa. Kada ka ce ka sha abin da ba ka sha ba. In an biya ka, ka faɗa a farkon bidiyo cewa talla ce; mutane ba za su guje ka don wannan ba. Ranar da ƙorafi ya fara shigowa kuwa, kada ku goge shi. Ku sauke tallar, ku fito da fuskar da kuka yi ta da ita ku sanar da mabiyanku su dakata, ku miƙa wa waɗanda aka cuta bayanan mai kayan don su kai ƙara FCCPC. Ina roƙonku, don Allah, tallar magani da ta ninka kuɗi da ba ku ga takardunsu ba, ku sauke su daga shafukanku tun yau.