Ra'ayinmu: A ba masu abincin Minawawo wuri a kasuwa

Tun a shekarar 2013 aka buɗe sansanin Minawawo a kusa da garin Mokolo, a lardin Arewa Mai Nisa na ƙasar Kamaru, domin tsugunar da mutanen Barno da rikicin Boko Haram ya koro daga Gwoza, Bama, Banki da ƙauyukansu. A shekarar 2023 yawansu ya haura dubu 70, duk da cewa an mayar da wasu gida a 2021 bisa yarjejeniyar da Nijeriya, Kamaru da Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka sa wa hannu a 2017.

Wanda ya baro gida da gudu ba ya ɗauko gona ko shago, amma mace takan taho da sana'ar hannunta. Shi ya sa abu na farko da yawancin matan nan suka kama shi ne girki: ƙosai da kunu da safe, waina da sinasir, burabusko irin na Barebari, da tuwon dawa irin na mutanen dutse. A gaban kaskon suya ne baƙo da ɗan gari suka fi saurin sabawa. Mai gari na jin Fulatanci, baƙuwa na jin Hausa ko Barbarci, amma da zarar sun gane cewa folere ita ce yakuwa, ciniki ya faɗa, gobe kuma sai a tambayi lafiyar yara. Taron wayar da kai nawa za a yi kafin a samu haka?

Ba mu ce babu matsala ba. Itacen girki ya taɓa zama babban abin rigima tsakanin 'yan sansanin da ƙauyukan kewaye, saboda dajin ya ƙare. Abin da ya rage zafin lamarin shi ne dashen itatuwa, da kuma gawayin da mata ke sarrafawa daga totuwar masara da ɓawon gyaɗa.

Inda maganar ta shafe mu 'yan kasuwa shi ne nan. Mai tuyar ƙosai a wurinmu take sayen wake, mai, gishiri da barkono, kullum ta Allah, kuma da kuɗi a hannu in ta samu. Ke nan abokiyar ciniki ce, ba mai bara ba. Amma kowa ya san halin wasu daga cikinmu: idan an yi rabon abincin agaji sai su tare hanya su saye shi a wulaƙance, domin sun san mai shi na neman kuɗin magani ko sabulu, bayan mako biyu su sayar masa da shi da tsada. Yanzu da tallafin Hukumar abinci ta duniya ya ja baya saboda ƙarancin kuɗi, irin wannan ciniki cin amana ne ƙarara. Wasu kuma mudu biyu gare su, na 'yan gari daban, na baƙi daban.

Saboda haka muna kira ga sarakunan kasuwa a Mokolo, Zamai da sauran kasuwannin kan iyaka da su ware wa matan nan rumfa sananniya, maimakon a riƙa korarsu daga wannan inuwa zuwa waccan. Masu karɓar kuɗin tikiti su tsaya a kan abin da ake karɓa a hannun kowa, kada rashin takarda ya zama hanyar tatsa. Manyan 'yan hatsi kuwa su gwada su da bashin mudu biyar zuwa ranar kasuwa mai zuwa, kamar yadda aka yi wa da yawa daga cikinmu lokacin da muka sauka baƙi a garuruwan nan.