Mai Gabatar Da Ƙara Ba Mafarauci Ba Ne

Ran 5 ga Satumba 1981 aka zartar da hukuncin kisa a kan wani mutum mai suna Nasiru Bello a Jihar Oyo. Babbar Kotun Badun ce ta same shi da laifin fashi da makami a 1980, shi kuwa ya ɗaukaka ƙara kamar yadda doka ta ba shi dama. Takardun ɗaukaka ƙarar sun isa Ma'aikatar Shari'a ta jihar. Duk da haka, daga wannan ma'aikatar aka ba da shawara a zartar da hukunci, aka kashe mutum alhali ƙararsa tana gaban kotu tana jiran rana.

Iyalinsa suka kai gwamnati ƙara suna neman diyyar Naira 100,000. Babbar Kotu ta kori ƙarar, Kotun Ɗaukaka Ƙara ma haka. Sai a 1986 Kotun Ƙoli ta ce kisan ya saɓa wa doka, ta ba su Naira 7,400. Kuɗin daga baitulmali ya fito, watau daga harajin jama'a, ba daga aljihun wanda ya rubuta shawarar ba. Ko Nasiru ya yi fashin ko bai yi ba, wannan kuma sai Allah, don an riga kotun da za ta sake duba maganar.

Mun tono wannan tsohon labari ne saboda halin da ya jawo shi bai gushe ba. Aikin lauyan gwamnati, ko ɗan sandan da ke gabatar da ƙara, shi ne ya ajiye wa alƙali gaskiya dukanta, wadda ta kama wanda ake tuhuma da wadda ta wanke shi. Amma da yawansu sun ɗauki kotu dajin farauta, wanda ya fi kawo nama shi ne gwani. Shi ya sa ake ɓoye shaidar da za ta wanke mutum, a gabatar da jawabin da kowa ya san da kulki aka karɓe shi, ko kuwa a danne fayil har ya yi ƙura.

Ku dubi Moses Akatugba na Jihar Delta. Yana ɗan shekara 16 aka kama shi a 2005 bisa zargin fashin wayoyin hannu. Ya ce an azabtar da shi har da cire masa farce, sannan aka miƙo masa jawabi rubutacce ya sa hannu. A 2013 aka yanke masa hukuncin kisa, sai a 2015 Gwamna Uduaghan ya yi masa afuwa. Shekara goma na ƙuruciya sun tafi, ga shi kuma afuwa ba wankewa ba ce.

To, idan haka ta sami ɗan gida mai dangi a kusa, ina ga baƙo? Ku da ke zaune a Agege, Idi-Araba, Mile 12, Sabon Badun, Shagamu ko Anaca kun fi mu sanin yadda abin yake. In aka yi sata a gida, mai gadi ake fara kamawa. In rikici ya tashi a kasuwa sai a yi kamen kan mai uwa da wabi, a loda ɗan dako da mai ruwa da mai gyaran takalmi a mota ɗaya. A caji ofis a yi wa mutum tambaya da Turancin buroka, ya amsa da ɗan abin da ya tsinta, a rubuta abin da aka ga dama da Turanci, a ce ya dangwala yatsa. Wannan takardar ce za ta bi shi har gaban alƙali, a karanta a ce ai da bakinsa ya amsa laifi.

Daga nan sai a kai shi kotun majistare da tuhumar fashi ko kisan kai, alhali mai gabatar da ƙara ya san sarai kotun ba ta da ikon jin irin wannan shari'a. Majistare ya tura shi wakafi, a ce ana jiran shawarar Ma'aikatar Shari'a. Wani fayil ɗin ma ba ya barin ofishin 'yan sanda. A canja wa mai bincike wurin aiki, mutum yana Kirikiri ko Ikoyi ko Agodi, iyalinsa a Arewa sun zaci ya mutu ko ya yi watsi da su. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi.

Ba doka ce babu ba. Tsarin Mulki na 1999 ya ce wanda ake tuhuma ba shi da laifi sai an tabbatar, kuma sashe na 36 ya ba shi tafinta kyauta in ba ya jin harshen kotu. Dokar shari'ar laifuffuka ta Tarayya ta 2015 ta ƙayyade kwanakin tsarewa kafin shari'a, ta kuma ɗora wa majistarori su riƙa duba ɗakunan tsare mutane na 'yan sanda kowane wata. Jihar Ikko tun kafin nan ta ce a ɗauki jawabin amsa laifi a bidiyo ko a gaban lauya. A 2017 aka yi dokar hana azabtarwa. Abin da ya rage shi ne wanda ya taka waɗannan dokoki ya ɗanɗana kuɗarsa. Muna kira ga Manyan Lauyoyin jihohi: duk shari'ar da kotun sama ta rushe don an ɓoye shaida ko an ƙirƙiri jawabi, a binciki wanda ya gabatar da ita da sunansa, in lauya ne a kai shi gaban kwamitin ladabtar da lauyoyi, kuma wani abu daga diyyar ya fito daga albashinsa.

Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa ma akwai nasu. Kuɗin da ake tarawa don sallah da naɗin sarauta ya isa a riƙe lauya guda a kowace unguwa. A buɗe littafi, duk wanda aka kama a rubuta sunansa da ranar da ofishin da aka kai shi, a sa mai bin maganar har kotu. Wanda ba shi da hali a kai batunsa Hukumar Ba Da Taimakon Lauya, wadda gwamnati ta kafa tun 1976 domin talaka. A kuma gaya wa yaran da ke sauka daga mota kullum a Kurmi: kada su dangwala yatsa a kan takardar da ba a karanta musu da Hausa ba, in kuma an kai su gaban alƙali, maganarsu ta farko ita ce a kawo tafinta.