Lafiyar Iyali: Filtar Da Ke Ɓoye A Motarki Da Numfashin Yaranki

 

Hunturu ya kankama. Duk wadda ke zaune a Babura, Kazaure, Roni ko Gwiwa ta san halin da ake ciki. Ki share ɗaki da safe, kafin azahar ya koma kamar ba a taɓa sa masa tsintsiya ba. Muna rufe tagogi, muna shafe yara da mai, muna sa musu hular sanyi. Sai dai akwai wani ɗaki da muke mantawa da shi, wato cikin motar da ake kai su makaranta, islamiyya da asibiti. Da yawanmu mun ɗauka da an ɗaga gilashi an kunna esi, shike nan an tsira daga ƙura. Ba lallai ba ne.

Iskar da esi ko fankar mota ke hurowa daga waje take shigowa, ta wata kafa da ke gindin gilashin gaba. Kafin ta iso fuskar ɗanki, tana ratsa wata 'yar filta mai kama da takarda da aka nannaɗe, girmanta bai wuce littafin rubutu ba. Aikinta shi ne tare ƙura, ƙaiƙayi da garin furanni. Wannan dabam take da filtar inji da bakanike ke dubawa ranar juye. Waccan injin take karewa, wannan kuwa huhunku. Sau da yawa akan yi shekaru ana sabis ba a ko leƙa ta ba, a wasu motocin kwatano ma in an buɗe sai a tarar gurbin babu komai.

Me ya sa abin ya dame ni?

A wurin aiki, daga Nuwamba zuwa Maris ba ma rabuwa da yara masu tari, mura da tashin asma. Mafi yawan ƙurar nan daga Bodele take tasowa, wani tsohon tafki da ya ƙafe a arewacin Chadi. Iska ce ke kwaso ta, ta ratsa Nijar, ta sauke mana, mu kuwa da ke bakin iyaka mu ne a kan gaba. Manyan ƙwayoyinta hanci ke tare su. Ƙananan ne abin tsoro, domin akwai waɗanda silin gashi ya ninka su kauri kusan sau 30, su ne ke wucewa can cikin huhu.

Yaro kuma ya fi babba kwasa. Babba na numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, jariri kuwa kan kai 30 zuwa 60, ga hanyoyin numfashinsa ƙanana. Ki auna tafiya daga Babura zuwa Kano ta Kanya da Kunya, ko zuwa biki ƙauye a kan hanyar burji, yaro na zaune yana shaƙar abin da filta mai shekara uku ke fesowa.

Yaushe za ki gane ta gaji?

Idan an ƙure fanka amma iska na fitowa da ƙyar. Idan an kunna esi kika ji warin ruma. Idan ƙura na kwanciya a dashbod alhali gilasai a rufe suke. Ko kuma yara su fara atishawa da zarar an tada mota. Masu ƙera motoci kan ce a canza ta kusan sau ɗaya a shekara, ko bayan tafiyar kilomita 15,000 zuwa 30,000, kuma su da kansu sun ce a wuri mai ƙura a gaggauta. Shawarata a nan yankinmu: ki sa sabuwa a farkon hunturu, ki sake dubawa idan ya wuce.

Yadda ake canzawa

A motoci irin su Corolla, Camry, Sienna da Accord, filtar na bayan ɗan akwatin nan da ke gaban kujerar mai zaman banza, inda ake ajiye takardun mota. A yawancinsu ba a buƙatar sufana ko sukundireba, kuma aikin bai fi minti 10 ba. A tsofaffin Golf kuwa sai an buɗe bonet, tana gindin gilashin gaba.

1. Kashe mota, ki buɗe ƙofofi, ki sa takunkumi. Yaro mai asma ya matsa nesa.

2. Kwashe kayan da ke cikin akwatin. A gefensa akwai wani ɗan siririn hannu da ke riƙe shi, ki zare shi a hankali.

3. Matse gefunan akwatin biyu zuwa ciki, zai sauko ƙasa. Za ki ga wani dogon murfin roba mai maƙalai a gefe. Danna su, ki cire murfin.

4. Kafin ki zaro tsohuwar, ɗauki hotonta da wayarki, don ki tuna yadda take zaune. Sannan ki jawo ta a kwance, kada dattin ya zube cikin fanka, ki jefa ta a leda ki ɗaure.

5. Goge gurbin da ɗanyen tsumma.

6. Duba kibiyar da ke gefen sabuwar. Idan an rubuta UP, kibiyar sama za ta kalla. Idan an rubuta AIR FLOW, hanyar da iska ke bi take nunawa, a irin waɗannan motoci yawanci ƙasa ne. Tura ta har ta zauna ba tare da ta lanƙwashe ba.

7. Mayar da murfi da akwati, ki kunna fanka ki ji bambanci.

Wajen saye, abin da ya fi shi ne a tafi da tsohuwar a leda, ko hotonta da sunan mota da shekararta, domin girmansu ya bambanta. Idan ba a samu a shagunan kayan mota na kusa ba, a ba da saƙo Ƙofar Ruwa a Kano. Akwai fara, akwai kuma mai launin toka da aka sa wa gawayi, wadda ke rage warin hayaƙi. A guji wadda aka ciro daga wata motar aka kakkaɓe. Araha ba ta ado.

Kada a wanke ta da ruwa, takardar lalacewa take yi, danshin kuma ya jawo ruma. Hurawa da injin mai faci ma na iya yaga ta, ƙurar ta samu hanya. Feshin turare kuwa ɓoye wari kawai yake yi, kuma yana tada asmar wasu yaran.

Hattara da ɓera

Motar da ake ɗauko gero, gyaɗa ko riɗi a cikinta tana jawo ɓeraye, kuma suna son yin sheƙa a kan filtar nan. Idan kika tarar da kashinsu ko tsummokara, kada ki hura, kada ki kakkaɓe. Zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashin ɓera ake kamuwa da shi, kuma da rani ya fi yaɗuwa. Sa safar hannu ko leda, ki jiƙa wurin da ruwan bilic, ki kwashe, sannan ki wanke hannu da sabulu.

Abin da filta ba za ta yi ba

Ba ta tare gubar hayaƙin salansa. Idan salansa ta fashe kuna jin hayaƙi a ciki, ko kan yara na ciwo a mota, wannan aikin bakanike ne, kuma ba ya jira. Akwai wani maɓalli mai hoton mota da lanƙwasasshiyar kibiya a cikinta, shi ke hana iskar waje shigowa. Danna shi idan kuna bayan tirela ko cikin ƙura, amma a doguwar tafiya a riƙa sakinsa lokaci-lokaci, domin iskar da aka daɗe ana juyawa tana sa direba gyangyaɗi.

Filta kuma ba magani ba ce. Mai asma kada ya shiga mota ba tare da abin shaƙarsa ba. Idan yaro na tari, jira ya natsu ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Jaririn da bai kai wata 2 ba in ya kai 60, ɗan wata 2 zuwa shekara 1 in ya kai 50, ɗan shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, a kai shi asibiti a ranar. Idan ƙasan ƙirjinsa na loɓawa ciki, ko ya kasa shan nono, ko leɓensa ya canza launi, kada a jira gari ya waye.

Wadda motar haya ko babur ne abin hawanta, ta sa wa manyan yara takunkumi, ta yafa wa goyo mayafi marar nauyi ba tare da toshe masa hanci ba.

Ke kuma mai mota a gida, taki ce ko ta maigida, kada ki jira ranar juye. Karɓi makulli yau da yamma, ku buɗe akwatin nan tare, ya gani da idonsa. In kin yi, ki faɗa mana a ƙasa irin motar da abin da kika tarar, wata 'yar'uwar za ta ƙaru.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.