Kujera Ke Da Suna, Ko Mai Zama A Kanta?

Duk ranar da Majalisar Ƙoli ta Ƙasa ta zauna a Abuja, ma'aikatan jarida kan shiga uku. Tsarin mulki na 1999 ya ba tsofaffin shugabannin Nijeriya kujera a cikinta, na soja da na farar hula. To, a ɗaki guda ga masu amsa sunan shugaba da yawa, alhali kuwa ɗaya ne tak ke riƙe da ragamar ƙasa. Yaya za a rubuta sauran?

Hausa ba ta rasa abin faɗa ba. Da Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya sauka cikin 1963 ya koma Azare, sai aka ce Sarki Murabus: an ba shi girmansa, ba a kuma ruɗa kowa game da wanda ke kan gadon Dabo ba. Sarauta irin ta Shehu Shagari kuwa, watau Turakin Sakkwato, ba zaɓe ne ya ba shi ba, saboda haka juyin mulkin 1983 bai taɓa ta ba.

Muƙamin soja ma na mutum ne, amma fa hukuma na iya karɓewa. An tuɓe wa Yakubu Gowon nasa cikin 1976, bayan tawayen Dimka. Shagari ya yi masa afuwa cikin 1981, sai 1987 Babangida ya mayar masa da Janar ɗinsa. Muhammadu Buhari shi da kansa ya nemi a ajiye Janar da ya hau mulki cikin 2015.

Inda muke ɓata rawarmu da tsalle shi ne wajen 'yan siyasa. Mutum ya yi shekara huɗu a majalisa, jama'arsa sun kayar da shi, amma har gobe jarida na kiransa Sanata, tsohon gwamna kuma Mai Girma Gwamna. Maroƙi ya faɗi haka a gidan biki, ba laifi, abincinsa ke nan. Amma manomi a Gwagwalada da ya karanta “Sanata ya yi alkawarin hanya” zai zaci mai magana na da ikon sa hannu a kasafin kuɗi. A rubuta masa “tsohon Sanata”, a ƙara da shekarun da ya yi, ko da mai sunan zai bugo waya ofishin edita yana faɗa.