Kotun New York mai rufin zinare ba Thurgood Marshall kaɗai ta sani ba

A dandalin Foley da ke birnin New York akwai wani ginin kotun tarayyar Amurka mai hawa 37, tsayinsa kusan mita 180, da rufi mai siffar dala da aka shafe da ruwan zinare. Cass Gilbert ne ya zana shi, wanda kuma ya zana ginin Kotun Ƙoli a Washington. An soma aikin a 1932, Gilbert ya rasu a 1934, ɗansa ya ƙarasa a 1936.

Manyan ginshiƙai irin na tsohuwar Girka da dogon matakala ne ke tarbar mai shiga, don ya san ya zo gaban hukuma. Ni dai ba kwarjinin ke jan hankalina ba, sunan da ke jikin ginin ne.

Tun 2001 ake kiransa da sunan Thurgood Marshall. Lokacin da ake aza tubalinsa, Marshall ɗalibin lauya ne a Jami'ar Howard, domin makarantar lauyoyi ta jiharsa Maryland ba ta ɗaukar baƙar fata. Shi ne ya ci shari'ar 1954 da ta haramta wariyar launi a makarantun gwamnati. A 1961 Shugaba Kennedy ya naɗa shi alƙalin ɗaukaka ƙara a wannan gini, kafin ya zama baƙar fata na farko a Kotun Ƙoli a 1967.

Labari mai daɗi, shi ya sa ake yawan maimaita shi. Amma a nan ne kuma, a 1951, alƙali Irving Kaufman ya yanke wa Julius Rosenberg da matarsa Ethel hukuncin kisa kan leƙen asirin makamin nukiliya. An kashe su a 1953, suka bar yara biyu. Daga baya ƙanin Ethel, wanda shaidarsa ta ɗaure ta, ya amsa cewa ƙarya ya yi mata.

Abin mamaki, shi ma Kaufman a 1961 aka ɗaga shi zuwa kotun ɗaukaka ƙarar, suka zama abokan aiki da Marshall.

Gwamnati ta kyauta da ta rufe ginin shekaru ta gyara maimakon ta bar shi ya lalace. Sai dai duk mai ba da tarihinsa ya faɗi duka biyun. In an ambaci Marshall, a ambaci Ethel.